Dutsen Rumasa'u

Mukhtaru masassaƙin dutse ne a Hindawiyya, wata unguwa ta Makka, amma ba a Makka ya koyi sana'ar ba. Yana saurayi ayarinsu na Katsinawa masu zuwa hajji ya maƙale a ƙasar Sudan, guzuri ya ƙare, suka zauna noma a bakin Nilu, kusa da kufan wani tsohon birni na Nasaran farko. Garin ya daɗe da mutuwa, sai ragowar bangaye da maƙabarta. A kan kaburburan akwai duwatsu sassaƙaƙƙu: reshen inabi ya nannaɗe, kurciyoyi suna shan ruwa a akushi ɗaya. Wani dattijo Bakibɗe, Banasaren Masar mai gyaran dutsen niƙa, ya ga yadda yaron yake shafa su, sai ya miƙa masa guduma da ƙarfen sassaƙa.

"Ban san sunan ko ɗayansu ba," in ji dattijon, "amma kowanne da wanda ya yi kukansa."

Da Mukhtaru ya iso Makka, hannunsa ya ci da shi. Attajirai suka riƙa kiransa ya ƙawata musu dutsen saman ƙofa da ganye da furanni, har mahajjata kan tsaya kallo. Ya auri Rumasa'u, haifaffiyar unguwar, mai tuyar waina a bakin zaure, wadda kan yi masa tsiya cewa ya fi hira da dutse a kan mutane. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Ummulkhairi.

A shekarun yaƙin Turawa, lokacin da jiragen mahajjata suka yi ƙaranci, abinci ya yi wuya, zazzaɓi ya shiga unguwar. Rumasa'u ta kwanta, ba ta tashi ba. Aka kai ta maƙabartar Ma'ala. A lokacin an daɗe da rushe ƙubbobi da allunan kabari. Dutse baƙi kawai ake ɗorawa wajen kai, irin na kowa.

Mukhtaru ya dawo gida ya kasa zama. Ya ɗauko farin dutse wanda bai fi tafin hannu biyu ba, ya fara sassaƙa. Bai sa suna ba, bai sa tsuntsu ba, don ya san hukuncin zana surar mai rai. Reshen inabi kawai ya fitar, da ganyensa. Maƙwabcinsa Wada, mai sayar da ruwa, ya leƙo ya gani.

"Malam Mukhtaru, ka rufa wa kanka asiri. Addu'a take buƙata, ba ado ba."

"Na sani, Wada. Ba don ita ba ne. Don ni ne, in na je in san inda zan tsaya."

Ya kai dutsen bayan sallar asuba, ya kafa. Bai yi nisa ba wani mai tsaron maƙabarta ya kira shi, ya tambaye shi inda ya samo wannan zane. Mukhtaru bai iya ƙarya ba, ya faɗi gaskiya: a kaburburan Nasara ya gan shi. Mutumin bai zage shi ba. Ya tumɓuke dutsen, ya buga shi da bango har ya dare, ya ce, "Ka tuba, baffa, ka tafi gida."

Magana ba ta kwana. Kafin Juma'a an ce Mukhtaru ya kafa alamar Nasara a Ma'ala, wasu ma suka rantse gicciye ne. Wanda ya ba shi aikin ƙofa ya aiko a karɓe dutsensa. Wani attajiri ya sa aka kankare ganyen da ke saman ƙofarsa. A masallacin unguwa ana amsa masa sallama, amma sahu kan ɗan buɗe a gefensa. Ya koma fasa tsakuwa ga magina, ƙura ta fara cin idonsa.

Duk da haka yana zuwa kabarin, yana gane shi da wani ɗan tudu da ke kusa. Sai aka yi ruwan da ya gangaro daga duwatsu, ambaliya ta ratsa maƙabarta ta shafe tudu da kwari. Da ƙasa ta bushe ya je ya yi ta zagaye har rana ta take. Duwatsun duk baƙaƙe, duk iri ɗaya.

Bai gaya wa kowa ba. Shekaru suka wuce, aka fara rushe tsofaffin gidajen kusa da Harami, ƙofofin da ya sassaƙa suka tafi cikin baraguzai a bayan motoci.

Ranar da za a kai Ummulkhairi gidan mijinta a Jidda, ta roƙe shi ya raka ta ta yi ban kwana da uwarta. Mata ba sa shiga, sai suka tsaya a bakin katanga.

"Baba, ta wane gefe take?"

Mukhtaru ya dubi filin. Hazo-hazo kawai yake gani. Ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri can tsakiya.

Ummulkhairi ta juya wajen, ta yi sallama, ta daɗe tana addu'a tana kuka. Shi kuwa yana tsaye a bayanta, yana cewa amin.