Kukan da Ke Saman Tagar Kicin

Da wani ya tare Tela a bakin shago ranar da yake haɗa kaya, ya ce masa ya bar buhun ƙyallayen nan inda yake, da wataƙila abin da ya faru bai faru ba. Amma babu wanda ya tare shi. Da hannunsa ya ɗaure bakin buhun, ya ɗora a kan jakarsa, yana murna zai yi wa jikansa 'yar katifa.

'Yarsa ce ke da tsohon ciki, na fari. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Zaman jiran haihuwa na uwa ne, to uwar ta rasu bara waccan, kuma yarinyar ita kaɗai Allah ya bar musu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba. Mamana yake ce mata tun tana zanen goyo.

Gidan da suke haya wani dogon bene ne a gefen gari, babu abin da ya tare shi ta kowace fuska, su kuma suna can kusa da ƙololuwa. Tela bai taɓa kwana a sama da hawa ɗaya ba. Tun a cikin lifta, akwatin da ke hawa da mutane sama, ya runtse ido. Da ya leƙa taga ya ga motoci kamar ƙwari, ya ja baya da sauri, ya ce, "Mamana, mene ne laifin ƙasa da kuka baro ta?"

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. "Baba, ko sauro ba ya zuwa nan. Ba ka gode ba?"

"Sauro ya fi ku hankali."

Ranar da iska ta fara tashi, yana zaune yana ƙoƙarin zura zare, sai ya ga ruwan da ke cikin kofi yana lilo shi kaɗai. Ƙofar kabad ta buɗe a hankali, ta koma ta rufe. Cikin bango wani abu ya yi ƙara, ƙiii, kamar tsohon gado. Ya ɗaura allura a zare, ya rataya a bakin ƙofa, ya tsugunna yana kallo. Allurar ta tafi hagu, ta dawo dama, ta sake tafiya.

"Mamana! Ɗauko mayafinki. Gidan nan tafiya yake."

"Yana nan, Baba. Haka yake yi in ana iska."

Bai yarda ba. Ya sauka wajen mai kula da ginin, wani dogo mai surutu da kowa ke kira Injiniya, ko da yake shi da bakinsa yakan ce iyakar karatunsa canja ƙwan fitila. Injiniya ya saurare shi yana ɓoye murmushi.

"Baba Tela, da gangan aka gina shi haka. Ka taɓa ganin dogon icce ya tsaya ƙiƙam a cikin iska? In ya ƙi lanƙwasa, karyewa zai yi. Ranar da ka ji ya daina motsi, ranar za ka zo ka tashe ni mu gudu tare."

"Ni fa mai ciki gare ni a can sama."

"Jikanka ya samu mai jijjiga shi kyauta. Me kuma kake so?"

Tela ya yi dariyar dole. Daga ranar ya mai da bencin Injiniya wurin zamansa. Da hantsi yakan sauko da ɗinkinsa na hannu, ya ce a sama allura ba ta samun rami.

Lilon ya iya daurewa. Kukan ne ya gagare shi. In iska ta taso sai gidan ya ɗauki wani fito siriri, ya hau, ya hau, ya koma gurnani, ya sake hawa, kamar mace na kuka a bayan ƙofa. Ɗakin 'yarsa bango ɗaya ne da kicin, kuma nan kukan ya fi ƙarfi. Kullum da safe sai ta fito da idanu a kumbure, tana jan ƙafa.

"Kin yi barci kuwa?"

"Na ɗan yi, Baba."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Mamana. Ko uwarki ba ta iya ta ba."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shi kuwa sai ya tuna matarsa. Da uwarta na nan, da ta san abin da za ta yi: ta dafa wannan, ta shafa wancan, ta yi mata hira har barci ya ɗauke ta. Shi me ya iya? Almakashi da allura.

Ya bi kukan da kunne, ɗaki ɗaki, yana ɗora tafin hannu a bakin kowace taga, har ya kama shi. A saman tagar kicin akwai wani rami mai kusurwa huɗu da aka rufe da ragar ƙarfe. Ta nan iskar ke kurɗowa tana fito. Ƙasa da shi kaɗan, a jikin bango, ga hita mai aiki da gas, wadda in an buɗe famfon zafi sai ta yi fuf, ta kama da shuɗiyar wuta. Tela bai ko dube ta ba. Ramin yake kallo, kamar yadda yakan kalli rigar da ta ɓule a hammata. Shi a sana'arsa duk inda aka ga ɓula, wani ne bai gama aikinsa ba.

"Dubi sakaci," ya ce. "Gini har sama, an kasa rufe ɗan wannan."

Ya hau kujera, ya ciro tef daga wuyansa, ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya ƙara yatsa ɗaya ta kowane gefe don ya kama sosai. Ya kwance buhun ƙyallayen. Ya zaɓi masu laushi, waɗanda ya tanada don wajen kan jariri, ya cusa su dam a cikin wani ƙyalle mai kauri, ya rufe da yadin da ruwa ba ya ratsawa, ya bi bakin da ɗinki biyu. Ko kayan ango bai taɓa yi wa irin wannan kulawa ba. Ya cire ragar, ya tura abin da ƙarfinsa, ya mai da ragar a kai.

Kukan ya ɗauke kamar an yanka shi da almakashi.

Washegari sai da rana ta yi sama sosai kafin ta fito, fuskarta ta saki. "Baba, hannunka akwai albarka. Rabona da barci irin wannan har na manta."

Tela ya juya yana gyara tabarau don kada ta ga idonsa. Ya so ya yi wa Injiniya burga, amma ya tuna an ce 'yan haya ba sa taɓa bango, sai ya haɗiye. Ai bai buga ƙusa ba.

Ba a jima ba ta fara ciwon kai. Ba kullum ba, jefi-jefi: in ta yi wanka, ko ta daɗe a bakin famfo tana wanke-wanke. Sai ta fito ta dafa bango ta ce jiri take gani, zuciyarta na tashi. Shi ma yakan ji kansa ya yi nauyi da yamma. Amma da zarar ya sauka bencin Injiniya, sai ya ji garau. Wannan ya ƙara tabbatar masa.

"Ka gani ko?" ya ce wa Injiniya. "Ina taka ƙasa sai ya sake ni. Lilon nan ne."

"Na sha jin haka wajen 'yan sama," in ji Injiniya. "Kamar mai shiga jirgin ruwa ne. Balle mai ciki. Ta riƙa tsotsar lemon tsami, kada ta riƙa kallon taga."

Tela ya ja labule ya rufe tagogin duka, ya datse su. Sau ɗaya yana alwala da ruwan ɗumi ya lura wutar hitar ta koma rawaya, tana lasar ƙarfen, har bangon ya ɗan yi baƙi a sama. Ya sa tsumma ya goge baƙin tas.

Ranar da abin ya faru, tun safe iska ta taso irin wadda bai taɓa gani ba. Allurar da ke bakin ƙofa har tana bugun katako. Ita kuwa ta tashi da ƙarfi, ta kwaso kayan jariri duka ta ce yau za ta wanke su da ruwan zafi.

"Ki bari mu sauka ƙasa har iskar ta lafa."

"Baba, ƙafafuna sun zama turmi. Kai dai je ka wajen abokinka, ka taho mini da lemon tsami." Ta ɗaga wata 'yar riga da ya ɗinka. "Wannan kuwa ai ɗan tsako ka auna."

"Ke ma haka kika zo. A tafin hannu na riƙe ki."

Ta yi dariya, ta shige kicin, ta turo ƙofa don tururi kada ya jiƙa masa yadi. Yana sa takalmi ya ji fuf.

Mai lemon bai fito ba saboda iska, sai da ya tsallaka har kasuwar bayan titi, leda da ƙura na dukan fuskarsa. Da ya dawo ya tarar da mutane cirko-cirko a ƙasa. Injiniya ya kashe lifta.

"In ginin na lilo haka, igiyoyinta na kaɗawa," ya ce. "Gara ku zage ni a nan da ku maƙale a tsakiya. Zauna, Baba Tela, bencinka na kewarka."

Ya zauna. Ya kira wayarta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya ce a ransa hannunta da kumfa. Ya ɗan jira ya sake kira. Da ya kira na uku bai san sa'ad da ya miƙe ba.

"Da ƙafa? Kai da gwiwar nan taka?" in ji Injiniya.

Ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa. Cikin matakalar iska na gunji daga ƙasa har sama, ƙofofi na bugawa. Ya huta, ya ci gaba, ya huta. Ledar lemon ta fashe a wani hawa, ya ji suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, bai waiwaya ba. Can ya ji takun Injiniya a bayansa yana haki yana cewa, "Wallahi tsohon nan zai kashe ni."

Gidan shiru. Famfo kawai ke zuba.

"Mamana!"

Ƙofar kicin ta ƙi buɗewa duka, wani abu ya tokare ta. Ya sa kafaɗa. Tana kwance a kan gefenta a cikin ruwan kumfa, 'yar rigar nan a hannunta. Kumatunta sun yi wani ja, kamar mai ƙoshin lafiya. Ya kira ta, ya girgiza ta, ya kira ta da sunan da bai taɓa furtawa ba.

Injiniya ya shigo, ya dubi wutar, ya rufe famfo da gas, ya bankaɗe taga. Iska ta afko ta watsar da kwanuka. Sannan ya ɗaga kai. Ya hau kujera, ya fizge ragar, ya yi ta ja da hannu biyu kafin abin ya fito, don ya kama sosai. Ya juya shi, ya ga ɗinkin. Ya dubi Tela. Ya ajiye shi a hankali a kan teburin kicin, ya ce, "Kama ƙafafunta."

A cikin bargo suka sauko da ita, su da wasu maƙwabta biyu, ana karɓa-karɓa. Tela bai yarda an karɓi nasa gefen ba.

A asibiti suka sa mata abin numfashi a fuska, suka tura ta ciki. Bayan wani lokaci likita ta fito, mace mai furfura, ta zauna kusa da shi. Ta yi masa bayani a hankali: wutar gas in ba ta samun iska, tana fitar da wani hayaƙi da ba a gani, ba a jin warinsa. Ramin nan shi ne hancin ɗakin.

"Ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki?" ta tambaya. "Yana faruwa a dogayen benaye."

"Ba tsuntsu ba ne," in ji Tela. "Ni ne. Kuka yake yi, ba ta barci."

Likitar ta ce, "Ka kira mijinta, Baba."

Ya kira. Surukin yana can wata hanya mai nisa, ƙarar inji na cinye muryarsa. Ya ce zai ajiye motar ya taho. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba, da ba ka nan fa?" Kafin Tela ya faɗa masa gaskiya, layin ya yanke.

Ya koma bencin da ke bakin ɗakin. Asibitin ba bene ba ne, a kan ƙasa yake daram, amma shi yana jin daɓen na tafiya hagu yana dawowa dama. Tef ɗinsa na nan a wuyansa, ya jiƙe da ruwan kumfa. Ya ciro shi ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa.

Da la'asar wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce tana numfashi da kanta, kuma sun ji bugun zuciyar ɗan, sai dai a raunane. Bayan wannan ba su da abin faɗa. Ba su san yaushe za ta farka ba, ko za ta gane shi in ta farka, kuma ba su san ko hayaƙin ya kai ga ɗan da ke cikinta ba.