Ƙarƙashin Gashin Merrin

Ranar Talata ce a watan Nuwamba. Hazo ya taso daga teku ya zauna a kan gonar, ba a yi ruwa ba amma komai ya jiƙe. Denzil na riƙe da wuyan Digory a bakin rumfa, yana jin ɗumin dabbar ta cikin gashi, sai motar kwasar mushe ta shigo da fitilu a kunne. Ƙaramar motar likitar dabbobi na biye da ita.

Digory shi ne namiji mafi ƙiba a garken alfaka, dabbobin nan masu dogon wuya da ake kiwo don gashinsu. Gwajin jini ya ce yana da tarin fuka irin na shanu, doka kuma ta ce duk wanda gwaji ya kama sai an kashe shi. Shi ne na uku a shekarar. Biyun farko da aka buɗe su, huhunsu fes aka samu.

Clem mai motar ya sauko yana gyara hula. Tare suka yi makaranta da Denzil.

"To, wanne zan ɗauka a cikinku? Na rantse ya fi ka kyan gani."

"Ɗauki bindigarka ka rufe mana baki, tsohon ungulu."

Likita Ilinca ba ta yi dariya ba. Shekara biyu ke nan tana zuwa gonar, ta san hanyar da za a bi.

"Likita, dube shi," in ji Denzil. "Taɓa ƙirjinsa. Wannan ne marar lafiya?"

"Ban ce shi ba ne. Jininsa ne ya ce."

"Jinin wancan ma ya ce. Da na wancan."

Ta sa hannu cikin aljihu saboda sanyi. "Denzil, allurar gwajin da muke yi musu a fata don shanu aka yi ta. A jikin alfaka tana yawan ƙyale mai ciwon ya wuce. Na jinin ya fi ta, amma shi ma yakan yi kure, ta nan ko ta can. Wanda ba a ga komai a huhunsa ba ma, ba zan rantse maka ba shi da shi ba. Abin da muke da shi ke nan."

"Wato caca kuke yi da dabbobina."

"Kusan haka," ta ce a hankali.

A bayan rumfa aka yi. Ƙarar ba ta yi nisa ba, hazon ya haɗiye ta.

Denzil ya fito yana goge hannu a wando, ya dubi fili. A karo biyun da suka wuce, da an yi harbin garken kan taho bakin shinge, su miƙa wuya suna leƙe. Yau ko ɗaya bai zo ba. Duk sun taru can ƙarshen filin sun matse da juna, suna yin kukan nan nasu na cikin hanci, kamar mutane da yawa na rera waƙa baki a rufe. Ba rumfar suke kallo ba. Idonsu na kan Merrin, wadda ke tsaye ita kaɗai a bakin kwamin ruwa.

Merrin farar tsohuwar alfaka ce, ta matarsa Tamsin. Uwarta ta mutu ranar da ta haife ta, Tamsin ta raine ta da kwalba a gefen murhu. Har yau kowace safiya sai ta kafa hancinta a kan na Merrin, su busa wa juna numfashi. Gaisuwarsu ke nan.

"Tun yaushe suke yi mata haka?" Likita Ilinca ta tambaya. Ashe tana bayansa.

"Tun ƙarshen bazara. Tamsin ta ce kishi ne."

"Ta ci gwaji?"

"Ke kika yi mata. Duk ta ci, na fata da na jini."

Likitar ta tsallaka ƙofa, Denzil ya bi ta. Merrin ba ta gudu ba. A ido ta cika tam, gashinta ya yi tudu kamar auduga a buhu. Likitar ta tura hannu cikin gashin, hannun ya yi ta shiga har wuyan hannu. Ta tsaya. Ta kamo hannun Denzil ta tura a wurin.

Haƙarƙari ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, kamar sandunan shinge. Tun aski na bazara bai taɓa ta ba, don dabbar Tamsin ce.

Likitar ta ɗora abin sauraro a ƙirjin dabbar, ta saurari dama, ta saurari hagu. Can nesa garken na ci gaba da kukan.

"Su sun sani ne?" in ji Denzil.

"Ban taɓa karanta haka ba. Ban san abin da suka sani ba." Ta cire abin daga kunnenta. "Doka ba ta ba ni ita ba, tunda ta ci gwaji. Amma in ka yarda da kanka, motar na nan."

A lokacin Tamsin ta fito daga gida da tiren shayi da burodin zabibi, sanye da farar suwaita mai kauri wadda ta saƙa da gashin Merrin na bara. Ta ajiye tiren a kan katanga ta juya baya ta yi tari, gajere, busasshe. Sannan ta gan su a bakin kwami.

"Me kuke yi mata?"

"Tsohuwa, zo ki taɓa."

"Na san jikinta, ba sai ka koya min ba. Tsufa ne. Kai ma in aka aske ka me zai rage?"

Clem ya yi dariya daga gefen mota, ya ga ba wanda ya taya shi, ya ɗauki shayi.

"Huhunta ba ya jan iska ta gefen hagu," in ji likitar.

"Ke kika ce lafiyarta ƙalau! Sau nawa? Kun kashe mana lafiyayyu uku da sunan gwaji ba ya ƙarya. Yanzu gwajin ya wanke ta, kuma kun ce ƙarya yake?" Tarin ya dawo. Da ya lafa ta ce, "Denzil, in ka ba su ita, kada ka sake yi min magana."

Denzil ya dubi garken. Akwai mata masu ciki a cikinsu, da ƙananan bana. Duk a kwami ɗaya suke sha da Merrin, ko da yake, yanzu da ya tuna, ya jima yana ganinsu suna lasar ruwan da ya kwanta a rami maimakon su zo nan.

"Clem," ya ce. "Ajiye kofin."

Tamsin ba ta yi ihu ba. Ta je ta kafa hancinta a kan na Merrin. Likitar ta ɗaga hannu za ta hana, amma an riga an yi. Tamsin ta koma gida ta rufe ƙofa.

Bayan motocin sun tafi Denzil ya kwashe ruwan kwamin, ya wanke shi da magani, ya ƙone ciyawar da Merrin ke kwana a kai. Yana tona tokar da sanda ba tare da ya san dalili ba, sai ya tuna a nan Tamsin ta ce zoben aurenta ya faɗi watan jiya. Ta ce sanyi ne ya sa yatsarta ta motse. Bai ga zoben ba.

Da la'asar waya ta yi ƙara a aljihunsa. Likita Ilinca ce, daga inda ake buɗe dabbobin.

"Digory ba mu ga komai ba, sai abin da ɗakin bincike zai ce nan gaba. Merrin kuwa, ban san da me take numfashi ba. Ciwon ya cinye duka huhun biyu, har hanta."

Denzil ya jingina da katanga.

"Denzil, tarin nan na matarka. Tun yaushe?"

"Na hayaƙin murhu ne. Haka ta ce."

"Tana gumi in ta kwanta?"

Denzil ya dubi igiyar shanya. Sau biyu a makon nan ya ga zanin gado a kan igiya.

"Ba kasafai tarin fukan shanu yake kama mutum ba, kuma yana da magani in an gano shi. Amma kai ta asibiti, kada ka jira gobe."

Yana mai da wayar aljihu ya ji ƙarar bokiti. Lokacin abincin yamma ya yi, Tamsin kuwa ko rigima aka yi ba ta fasa. Ta shige shi ba ta dube shi ba, ta buɗe ƙofar fili, ta kaɗa bokitin tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Shekara da shekaru, da jin wannan ƙarar suke rugowa har su kusa ka da ita.

Suka ɗaga kai. Biyu daga cikin ƙananan suka fara tahowa, suka tsaya a rabin hanya, suka koma bayan uwayensu. Garken ya matse a ƙarshen filin, wuyansu a miƙe cikin hazo, kukan ya fara ƙasa ƙasa. Merrin ba ta nan. Tamsin kaɗai ce a bakin kwami, cikin farar suwaita.

"Warin jini suke ji," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Warinka ne da na Clem."

Denzil ya taka ya iso bayanta. Ya zagaya ta da hannu kamar mai neman sulhu, ta yi ƙoƙarin ture shi, bai saki ba. Ya tura hannun ƙarƙashin suwaitar. Akwai wata rigar a ciki, da wata. Hannun ya yi ta shiga.

Ya karɓi bokitin daga hannunta ya ajiye a ƙasa.

"Ɗauko kwat ɗinki, tsohuwa."

"Na ce kada ka yi min magana."

"Ba zan yi ba. A mota ma shiru zan yi."

Ta daɗe tana kallon garken, su ma suna kallonta. Sannan ta juya ta nufi gida.

Zuwa yammacin ranar gonar ta rasa alfaka huɗu a shekarar: uku da gwaji ya kama ba a ga komai a jikinsu ba, ɗaya da gwaji ya wanke. Sai kuma zobe ɗaya, wanda har yau ba a gan shi ba.