Jinin Baba Gana

"Ajiye ƙahon nan, Baba!" in ji Hafsa 'yata, tun daga bakin zaure.

Na leƙo ta katanga na gan shi zaune da aska, yana shirin tsaga ƙafarsa. Baba Gana wanzami ne, maƙwabcinmu a Birni. Rabin unguwar nan shi ya yi musu ƙaho, ni ma har yau da shatinsa a bayana.

Hafsa ta ce, "Doktoro ya ce ƙwayar da kake sha ba ta son tsaga, jinin ba zai tsaya ba."

"To ki nuna mini abin da ke cikin jinin! Tun ina saurayi nake fitar da mugun jini, ban taɓa ganin muguntarsa ba."

Abin da ke cinsa ke nan, ba ciwon ba. Da aka ce kansar jini gare shi, mai tafiyar hawainiya, mu muka yi kuka, shi kuwa tambaya. Da farko an ce a zuba ido kawai, ba magani. Kai, mun zagi likita ranar! Daga baya aka kawo ƙwaya daga Yamai, kaluluwar wuyansa ta sace, ya ƙara shekaru yana yi wa jarirai askin suna. Tambayar dai ba ta sace ba.

Hafsa a ɗakin analiz take aiki, inda ake awon jini, kullum ya tare ta kan ta nuna masa nasa, kullum ta ce gobe. Da sanyin bana ya kama masa ƙirji, na ce mata, "Ke, goben nan taki ta ƙare."

Ta zo da ɗan gilashi mai ɗigon jininsa, da hoton da ta ɗauka a waya ta madubin awo. Ya kai wayar dab da hancinsa.

"Ikon Allah! Shuɗi-shuɗi, kamar an barbaɗa gero a ruwan baban rini. Waɗanne ne baƙin?"

"Babu baƙo, Baba, duk naka ne. Waɗannan tsufa suka yi suka ƙi tafiya, suka cika wuri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe irina ne. Shi ya sa ƙaho bai jawo su ba."

Da hantsin Laraba ya cika. Na yi kuka sosai, wallahi. Da matarsa ta zazzage zabirarsa a tabarma, sai ga gilashin tsakanin ƙahonni, an naɗe shi a tsumman da yake goge aska.