Kukan Turbon Motar Auta

A garejinmu Mai Kunne suke ce mini. Shekara ashirin da shida ina ɗora bakin sukundireba a jikin inji, in kafa kunne a ƙotarsa, in faɗi ciwon mota kafin mai ita ya gama gaisuwa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kunnen ya yi ritaya ya bar ni da sunan. Ƙara mai kauri ina jinta. Siririya kuwa, irin ta sauro ko ta ƙorafin matata, ta daɗe da daina isowa.

Ranar wata Laraba da hantsi ƙanina Auta ya shigo da a-kori-kurarsa mai shan dizal, wadda yake jan ƙaramar tirela da ita yana kai wa magina bulo. Da ita yake ci da 'ya'ya huɗu.

"Yaya, turbo na kuka," in ji shi. "Da fito take yi, yanzu in na hau tudu da kaya sai ka ce ana wasa wuƙa."

"Ba na hana ka kashe motar da zafinta ba? Ka bar ta ta huce minti biyu, ba kuɗi za ta caje ka ba."

"Ina bari, wallahi."

"Ƙarya kake. Taka totur."

Ya taka. Na sunkuya, na rufe ido, na yi fuskar masana. Mai walda da mai faci sun matso kallo, kamar kullum. Ban ji komai ba sai gurnanin inji.

Aikin a bayyane yake. A cire tiyon iska, a sa yatsa a girgiza sandar farfelar turbo, wadda ke tura wa inji iska. In tana rawa, ko ka ga baƙin mai ya jiƙe tiyon, to ta gama yawo. Minti goma ne. Amma Mai Kunne ba ya kwance tiyo, wannan aikin masu laluben duhu ne, kuma ga mutane na kallo.

"Iska ce ke zurarewa," na ce. Na ɗaure kilif ɗin tiyon, na buga bonet. "Tafi."

"Ka tabbata, Yaya? Ni dai har yanzu kamar ina ji."

"Kai ne makaniken ko ni?"

Mai faci ya yi dariya. Auta ma ya yi, ya ja mota.

Sauran labarin daga bakin wani direban tanka na ji shi, wanda ya kai Auta asibiti. A tsakiyar dogon tudun nan na hanyar kwari, da bulo ɗari uku a baya, turbo ta saki. Baƙin mai ya kwarara cikin inji, inji ya koma shan mansa da kansa. Auta ya zare makulli, mota ta ƙi mutuwa. Ihu kawai take tana ƙara wuta, farin hayaƙi ya rufe titi. Ya sa babbar giya don ya shaƙe ta, kuloci ya ƙone.

Nan ya tuna karatuna. Ni na taɓa gaya masa cewa dizal in ya haukace, toshe masa iska ake yi. Ban gaya masa da katako ake toshewa ba. Ya fizge tiyon, ya dunƙule rigarsa ya danna a bakin turbo. Ta haɗiye rigar, ta haɗa da yatsu uku na hannun dama.

Injin kuma bai tsira ba.

Da la'asar na same shi a gadon asibiti, hannun a naɗe kamar kan jariri. Matarsa ta gaishe ni ba ta ɗago ido ba. Auta ya motsa baki ya faɗi wata magana a hankali. Na kusa gyaɗa kai, yadda na saba yi wa kowa shekara uku. Sai na sunkuya.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ba na ji."

Ya dube ni. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa.

"Cewa na yi ba laifinka ba ne, Yaya," ya ce da ƙarfi, har na gadon kusa ya juyo. "Tunda ka saurara."



Yanzu duk turbon da aka kawo sai na kwance tiyo na girgiza sandar da yatsa. Mai walda yana tsokanata wai Mai Kunne ya koma lalube. Ina da yatsun yin laluben, goma cif.