Barandar Mai Bene

Kada wani a layinmu ya ce bai gani ba. Kuna zaune a bakin shagunanku muka tsallaka titi ɗauke da Baba Direba a kan kujerar katako, ni da mai faci da wanzami, matarsa Inna tana biye da mu rungume da matashin kai. Wasunku suka dunƙufar da kai a kan waya, wasu suka ce malamin makarantar nan ya fara taɓuwa. To ku tsaya ku ji abin da kuka kau da ido daga gare shi.

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da na Baba Direba. Ya tuƙa babbar mota har idonsa ya gaza, sannan ya dawo ya kafa kujera a ƙofar gida. Da ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa, likita ya ce a mai da shi gida a kula da shi. Kowa ya san ma'anar wannan, shi ma ya sani, amma ko a jikinsa.

Na saba zama wajensa da yamma ina shirya darasin gobe. A makon nan muna nazarin wani tsohon labari ne da ake tambaya a jarrabawa.

"Malam ƙarami, ɗaga murya mana," in ji shi. "Kana ta gunguni kamar injin da ya sha ruwa."

Na karanta masa. Labarin wani magini ne da ya gina wa attajiri katafaren gida, ransa ya biya. Da mai gidan ya yi tafiya, sai maginin ya sa babbar riga ya tara baƙi, ya ce gidansa ne. Asiri ya tonu, ya rasa aiki, ya rasa mutunci.

"Me ake so yara su ce?" ya tambaye ni.

"Wadatar zuci, Baba. Talaka ya tsaya inda aka ajiye shi. Kullum amsar ke nan, ni kuwa ta ishe ni."

"Bar wannan. Maginin ya kwana a ciki?"

"Ya kwana."

"Kai, madalla," in ji shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya nuna tsallaken titi da haɓa. "Ka ga barandar can?"

Gidan Mai Bene yake nufi, attajirin da ke sayar da kayan gini. Shi kaɗai ke da gidan sama a layin.

"Tun ana ɗora mata bulo nake hassadarta. In na dawo daga tafiya, ita nake fara dubawa. Na hau duwatsu da mota, na haye manyan gadoji, amma ban taɓa ganin layin nan daga sama ba."

Inna ta leƙo da kofin shayi. "Ya fi kallonta a kan kallona, ɗan nan."

"Ita ana yi mata sabon fenti," in ji Baba.

"Kai ma a yi maka mu gani."

Na ce, "Baba, ka taɓa roƙonsa ka hau?"

"In ce masa me? Salamu alaikum, na zo hawa benenka? Ai sai a ce tsufa ya taɓa ni."

Nan raina ya ɓaci. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana kallon abin da faɗin titi ne kawai ya raba su, duk unguwa tana wucewa ta gabansa tana "sannu da hutawa, Baba", ba wanda ya taɓa bin idonsa ya ga inda yake sauka. Wannan shirun muke kira kunya, har muna alfahari da shi.

Washegari na shiga shagon Mai Bene da jawabi cike da bakina, kan masu hali da ke rufe ƙofa. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Yaro, numfasa. Direba ne ke son hawa? Me ya hana shi faɗa?" Ya laluba aljihu ya miƙo mabuɗi. "Ni gwiwa ta hana ni hawa tuntuni, yara kuma duk sun watse. Sai dai ku yi haƙuri da ƙura."

Inna ce ta tirje. "Matakalar nan ta yi tsayi. In numfashinsa ya tsaya a hanya fa?"

"Sai ku ce na tafi ina hawa, ba ina gangara ba," in ji Baba. "Miƙo min hular nan mai kyau."

Haka muka hau da shi, mai faci a baya, ni da wanzami a gaba, muna hutawa a kowace kwana. Leɓunansa suka bushe, ya riƙe hannun kujera gam. Inna ba ta daina addu'a ba har muka kai.

Abin da muka tarar a baranda: fasassun bokitai, tsohuwar katifa, kashin tattabaru ko'ina. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce ashe ba komai ba ne, littafin jarrabawa ya ci nasara.

Muka ajiye shi daf da ƙarfen da ya kewaye barandar. Iska ta ɗaga gefen rigarsa. Daga nan ana hango rufin gidaje har ƙarshen unguwa, can bayansu kuma babbar hanya, manyan motoci suna bin juna kamar tururuwa.

"Ban ganin su sosai," in ji shi, "amma ina jin su. Waccan ta yi lodi fiye da kima." Ya juyo yana murmushi. "Malam ƙarami, wallahi ta fi yadda nake zato. Hassadata ba ta tafi a banza ba."

Daga ƙasa Mai Bene ya ɗaga murya. "Direba, yaya ka ga gari?"

"Kai ne ba ka san abin da ka mallaka ba. Hawo ka gani."

"Gwiwa, Direba."

"Ku sauka ku ɗauko shi," in ji Baba.

Wanzami ya leƙa ya dubi tumbin Mai Bene, ya dube ni. "Malam, wannan darasin naka zai karya mana baya."

Muka sauke Baba a kan katifa, muka koma da kujerar. Da kyar da gumi muka hawo da mai gidan barandarsa. Tsofaffin nan biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna gardamar wane rufi ne na wa, Inna tana zuba musu shayi, har rana ta yi sanyi.

Bayan 'yan kwanaki Baba Direba ya rasu, da hantsi, a ƙofar gidansa. Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi, ya jingina kai da bango yana fuskantar tsallaken titi. Inna ta zaci barci ne, har ta gyara masa hula.

A aji, ɗalibaina sun rubuta "wadatar zuci", na ba su makinsu, don jarrabawa ba ta san Baba ba. Amma na tambaye su abin da ba ya cikin littafin: wa ya taɓa ce wa maginin nan bismillah, shigo ka ga aikin hannunka?

An share barandar yanzu. Mai Bene yana barin ƙofar matakala a buɗe kowace yamma, kujerar katakon tana jingine a gindinta. Akwai tsohuwa mai sayar da sabulu a ƙarshen layi wadda ta ce ita ma tana so ta gani, kuma bayan wanzami bai warke ba. Ku ajiye wayar nan, ku zo ku kama ƙafa ɗaya ta kujerar.