Tagwayen da Yaya Ya Raba

Sau uku Injiniya ta yi wa yayanta bayani ranar da ta haɗa masa akwatin ajiyar hotuna a shagonsa na ɗaukar hoto. Faifai biyu ne a ciki, tagwaye: duk hoton da ya shiga ɗaya, nan take yana shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na riƙe da komai. Yaya ya yi ta gyaɗa kai, idonsa na kan waya.

Don haka da ya kira ta yana salati, wai akwati na ƙas-ƙas kuma ba abin da ke buɗuwa, ko gezau ba ta yi ba. Hotunan shekara goma sha biyu ne a ciki, har da na marigayiya mahaifiyarsu, amma ai don irin wannan rana aka yi tagwaye.

Ta iso, ta buɗe murfi. Rami ɗaya wayam!

"Yaya, ina ɗaya faifan?"

Ya sosa ƙeya. "Au, wannan? Ai na duba, abu ɗaya ne sak a cikinsu. Na ce wannan almubazzaranci ne. Na goge shi na ba mai askin nan na kusa, ya zuba finafinai."

"Ka goge? Yaushe?"

"An kusa shekara. Kuma lafiya lau yake aiki."

Ta duba gaban akwatin. 'Yar fitilar nan ja mai gargaɗi, ashe Yaya ya liƙe ta da baƙin salatif, wai tana damun masu zuwa ɗaukar hoto. Ikon Allah! Na'ura ta shekara tana ihu, mutum ya toshe mata baki.

Takaici ya cika ta har wuya. Ta zare mataccen faifan, ta kanga a kunne, ta girgiza shi, ta ji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan kam ya tafi.

"Sau uku, Yaya! Sau uku na faɗa maka!"

Bai musa ba. Ya zauna a kujerar da yake zaunar da mutane yana ce musu su yi murmushi.

"Na mutane zan ba su haƙuri," ya ce a hankali. "Na Mama dai ai kina da su a wayarki, ko?"

Sai ta tuna. Bara da wayarta ta cika, ita da hannunta ta goge su, tunda suna wurin tagwaye.