Yayen Amadu

Bayan girbin gero kafaɗar Inna Saratu ta dama ta fara ciwo. Ɗanta Maiwada, wanda tausayinsa ya fi dabararsa yawa, ya kafa doka a gidansu na Zurmi: Inna ba daka, ba shara, ba jan guga. Matarsa ta rataye mata hannun a wuya da tsohon ɗankwali. Wanzami ya yi ƙaho, aka shafa man shanu, aka ce ta huta. Ta huta wata huɗu cur, har kafaɗar ta ƙage, ko bayanta ba ta iya sosawa.

Ciwon bai dame ta ba kamar saƙon da ya zo daga Kasuwar Daji. 'Yarta Gimbiya za ta yaye ɗanta Amadu bayan Babbar Salla, kuma wurin kaka ake kai yaye. Tun ranar suna Saratu take jiran wannan rana. Amma dangin uban sun ji labarin hannun, suka ce wadda ba ta iya goyo ba ta iya yaye, don haka Hajiya Zulai, kakarsa ta wajen uba, za ta tafi da shi Shinkafi. Gaskiya suka faɗa, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Yaron da aka raba da nono, goyo kaɗai ke rarrashinsa.

Ta matsa wa Maiwada har ya kai ta asibitin Kaura a motar kasuwa. Mai gashin ƙashi, wani siririn mutum da ake kira Malam Sule, ya kwance ɗankwalin ya miƙa wa Maiwada.

"Wa ya ɗaure mata hannu?"

"Mu munka ɗaure, don ta huta."

"To hutun ga shi ya kama ta. Kahwaɗa motsi taka so."

Ya nuna mata ta riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta dafa turmi ta saki hannun yana lilo, ta tsaya gaban bango yatsunta su yi ta hawa. Na ƙarshe shi ne mai wuya: ta riƙe zane ta baya, hannun hagu yana jan na dama sama.

"Da zahi, Inna," in ji shi. "In ya kai ki ga hawaye ki dakata, amma gobe ki koma."

Maƙwabta suka yi ta surutu, wai Maiwada ya bar tsohuwa tana kokawa da bango. Ba ta kula su ba. Kullum da hantsi takan ja layi da gawayi inda yatsunta suka tsaya. Sati biyu layin bai motsa ba, ta zauna ta yi kukanta ita kaɗai. Daga nan ya fara hawa kaɗan-kaɗan. Sau uku ta koma Kaura Malam Sule yana miƙar da hannun. Ɗaga hannun gaba dai ya samu, har tana daka, amma kai shi baya ya yi taurin kai.

Bayan Salla Gimbiya ta biyo da yaron Zurmi a yi sallama, Hajiya Zulai na tare da su, mota tana jira a bakin hanya.

"Ku ba ni mijina in ji nauyinai," in ji Saratu.

Ta sunkuya, ta cilla shi baya da hagu, ta yafa zane. Hagu ta kama gefenta. Dama ta tafi baya, ta kai ƙugu, ta tsaya. Tsakaninta da bakin zanen bai fi yatsa huɗu ba. Yaron ya fara zamewa.

Hajiya Zulai ta miƙe. Saratu ta runtse ido, ta san ɗaukarsa za a yi. Sai ta ji an danƙa mata bakin zanen a cikin yatsu.

"Ɗaure, Yaya," Zulai ta ce a hankali. "Ni ban ga komi ba."

Saratu ta jawo zanen gaba ta ɗaure tamau. Amadu ya kwantar da kai a bayanta.

Zulai ta ɗauko ƙunshin kayansa ta ajiye a ƙofar ɗakin Saratu.

"Kunun kanwa yaka so, kar a cika mai kanwa."

Ta gyara mayafi ta nufi mota ba ta waiwayo ba, don ita ma ta riga ta share ɗaki ta yi masa shimfiɗa a Shinkafi.